Igiyar Guga

Da masifa Lubabatu ta fara haɗuwa da Malam Halilu. Shekarar fari ce, ta fito jan ruwa ta tarar da shi da ɗalibansa sun zura igiya a rijiyar ƙofar gidansu.

"Mi kukai muna cikin rijiya?"

Ya ce shi ne sabon malamin kimiyya da aka turo nan Illela. Duk mako suna auna zurfin ruwa, su zana layi a allo, yara su ga yadda ruwan ƙasa ke ja da baya.

Ta harare shi ta wuce. Amma mako na zagayowa sai ga ta da guga, wai daidai lokacin ruwan gida ya ƙare. Kafin a ankara ta zama "Luba tawa".

Bakinsa ne ya ja masa. Ya je ya gaya wa mahaifinta, Alhaji Dabo, cewa layin ya nuna rijiyar za ta ƙafe kafin damina, a ƙara mata zurfi. Alhaji ya share. Rijiya ta ƙafe.

Mukhtari ɗan canji, wanda Lubabatu ta ƙi, ya bi gari yana cewa bakin malamin ne ya ƙafar da ita.

"Mai mugun baki ba ya auren ɗiyata!" in ji Alhaji.

Halilu ya ce zai nemi canjin makaranta. Ran Lubabatu ya ɓaci ƙwarai.

"Ka tahi ka bar ni da ƙarya bisa kanka? Tsaya nan!"

Ta jawo igiyar guga har zaure, ta zube ta gaban mahaifinta, duk ƙulli da tsumma.

"Baba, duba. Wanga ƙari zanen Inna ne, tun bikin Yaya Zuwaira. Wanga kallabina ne. Tun Malam bai san hanyar Illela ba muke ƙari ga igiyag ga. Ku ba ku jan ruwa, mu ka ja! Ya ce a haƙa, ka ƙi."

Alhaji ya daɗe yana juya ƙullin zanen matarsa. Washegari ya kira masu haƙa, sannan ya aika wa magabatan Halilu.

Ranar ɗaurin aure ya miƙa wa ango igiyar, ya ce ya kai aji.

"Allah shi yi maku albarka. Ka riƙe ɗiyata da kyau, Malam. Ni ma tsoronta nika ji."