Rana Ta Sha Tara

Abel ya fara ganin Fure ne ranar da ta kawo gyaran waya shagonsa a Kontagora. Tana tsaye, idonta na kan agogon bango.

"Zauna mana, 'yar'uwa."

"Ba zama. Ƙarfe biyu zan juya ƙwai."

Mahaifinta, Baba Tanimu, yana da akwatin ƙyanƙyasa mai tire goma, ƙwai ɗari uku. Da shi gidan ke ci. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Fure ke juya ƙwan da hannu, sau biyar a rana. Shekara uku ke nan ba ta yi nisan da ya wuce kasuwa ba.

Bayan wata shida Abel ya tura kawunsa neman aure. Baba Tanimu ya ce, "Yaron ba shi da laifi. Amma in ta tafi, wa zai juya?"

Abel ya zo da wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino, wanda ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, da tsohon injin goge gilashin mota, don su riƙa juya ƙwan.

"Ka iya shi kuwa?" in ji Fure.

"Na iya sa shi ya kunna fitila ya kashe."

"Shi ke nan? Lallai na yi miji."

Sati uku suna koyo tare a baranda, tana tashi tana juyi tana dawowa. Ita ta gaya masa cewa daga rana ta sha takwas ba a taɓa ƙwai, domin ɗan tsako yana daidaita kansa wurin da zai fasa. Ya rubuta wannan cikin umarnin.

Baba Tanimu ya ba da tire ɗaya. "Ƙwai talatin. In suka lalace, kada ka sake taka ƙofar nan."

Da safiyar rana ta sha tara, Fure tana shara ta ji ƙarar injin. Tiren yana karkata. Ta fizge wayar wutar injin, ta tura wa Abel saƙo: "Injiniya, ƙarfenka yana juya min 'ya'ya. Zo yanzu."

Abel ya zo a kan acaɓa, ya duba kwamfuta, ya dafe kai. Da aka ɗauke wuta cikin dare, allon ya manta kwanakin, ya koma ƙirge daga ɗaya. Bai umarce shi ya adana su ba.

"Na kashe mu, Furena."

"Sau ɗaya ya juya. Matsa, nuna min inda ake adanawa."

Da yatsa ɗaya ta buga layin.

Kwana biyu Baba Tanimu bai amsa gaisuwar Abel ba. Fure ba ta bar gaban akwatin ba. A rana ta ashirin da ɗaya, 'yan tsaki ashirin da shida suka fito.

Tsohon ya ƙirga su sau biyu. "Hannunta ashirin da bakwai yake ba ni."

Sai ya dubi Abel.

"Haɗa sauran tire taran. Ka ce wa kawunka ya dawo ranar Asabar."

An ɗaura auren a coci cikin Disamba. Da za a tafi da amarya, Baba Tanimu ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"Je ki, 'yata. Kin juya ya isa. Ubangiji ya sa muku albarka."