Kwana Ashirin da Ɗaya a Gidan Miji

"Umma, don girman Allah ki fitar da tukwanen nan daga akwatin."

Umma ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana zaune a tsakar ɗaki da babban akwati buɗe a gabanta, tana naɗe murafen tukwane a cikin zannuwan gado.

"Auta, ni tun da nake ban taɓa ganin macen da ta tafi gidan miji da kaya kala biyar da buroshi ba. Me danginsa za su ce? Ba ki da uwa?"

"Ba zama zan je yi ba, Umma. Ziyara ce, kwana ashirin da ɗaya."

"Ziyara! A gidan mijinki! Ke baƙuwa ce?"

Auta ta zauna a bakin gado ta dafe kai. Wata goma sha huɗu ke nan da aurenta da Injiniya, amma kwana tara kacal suka yi tare kafin hutunsa ya ƙare ya koma ƙasar da yake aiki, inda yake gyaran lif a dogayen gine-gine. Tun a makon farko ya shigar mata da takardun bizar aure. Daga ranar, kullum kafin ta tafi makarantar da take koyarwa sai ta buɗe waya ta duba, kullum kuma amsa ɗaya: ana kan dubawa.

Lauyar da ke riƙe da takardun ta ce babu laifi ta nemi bizar ziyara ta je ta gan shi, muddin za ta faɗi gaskiya a filin jirgi, ta kuma fito ranar da aka ce ta fito. Idan ta ƙara ko kwana ɗaya, takardun auren na iya rushewa, a hana ta shiga ƙasar shekara da shekaru.

"Umma, idan suka buɗe akwati suka ga tukwane, cewa za su yi zama na zo yi. Daga nan za su juyo da ni."

"Tukunya ce za ta hana ki biza? Ikon Allah!" Umma ta ja tsaki, amma ta fara zare murafen. Can ta sassauta murya. "Na gaji da bakin mutane ne, Auta. Jiya gwaggonki ta tambaye ni wai ya mai auren waya. A gaban mutane fa."

Auta ta tashi ta taya ta kwashe kayan.

A filin jirgin can, jami'in shige da fice ya daɗe yana kallon kwamfutarsa.

"Wurin wa kika zo?"

"Wurin mijina."

"Na ga kuna da takardun aure da ba a gama dubawa ba. Me zai sa in yarda za ki koma?"

Ta miƙa masa tikitin dawowa da wasiƙar shugabar makarantarsu. "Ina da yara talatin da huɗu a aji uku, jarrabawarsu na nan tafe. Zan koma."

Ya dube ta, ya dubi wasiƙar. Sannan ya buga hatimi, ya rubuta kwanan wata da biro, ya ɗora yatsa a kai don ta gani.

Injiniya na tsaye a bakin ƙofar fita da rigar aikinsa, ya rame, ya ƙara haske. Da ya hango ta sai ya karɓe akwatin yana dariya.

"Malama, wannan ne duk kayan? Umma ta yarda?"

"Kada ka tayar mini da wannan maganar."

Gidansa ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na shida, kuma lif ɗin ginin ya mutu. A hawa na huɗu ta tsaya tana haki.

"Yallaɓai mai gyaran lif! Na gidanka fa?"

"Ba kamfaninmu ke kula da shi ba. In na taɓa, laifi ne."

"To sannu da bin doka."

Kwana huɗu kawai aka ba shi hutu, suka wuce kamar ƙiftawar ido. Bayan nan sai ya zama ƙarfe shida na safe ya fita, sai yamma liƙis ya dawo yana warin giris. Ita kuwa ta share ɗakin, ta sake sharewa, ta tsaya a taga tana kallon motocin bas suna wucewa. Ba ta da izinin aiki, ba ta san kowa ba. Kowace safiya tana cin kwana ɗaya daga cikin kwanakinta, ga mijin ba a gida ba. Abin na ci mata rai, amma ba ta ga wanda za ta ɗora wa laifi ba.

Sai kuma Yaya.

Yaya ita ce babbar yayar Injiniya, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ita ta tsaya masa har ya zo ƙasar karatu. Ita ma a ƙasar take zaune, tela ce, a falon gidanta take ɗinki. Kusan kullum sai ta hawo benen nan da kwanon abinci, ta zube a kujera tana fifita da gyale.

"Amarya, wai da gaske komawa za ki yi?"

"Eh, Yaya. Ranar da suka rubuta."

"Suka rubuta! Su suka ɗaura miki auren? Mace ta shigo ɗakin mijinta ta ce za ta fita da ƙafarta? Ki yi zamanki, takarda ta same ki a nan. Mutum nawa na sani da suka yi haka, ga su nan suna ta harkokinsu."

"Lauya ta ce..."

"Lauya tana kwana a gidan mijinta! Dubi yaron nan yadda ya koma, wuya kamar na kwalba. Burodi da shayi, burodi da shayi. Ke ba kya tausayinsa?"

Auta ta saci kallon Injiniya, tana jiran ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu komai a ciki.

Ana saura kwana biyu ta tafi, da safe, ta jawo durowa don ta haɗa takardunta. Tikiti na nan, wasiƙa na nan. Babu fasfo.

"Injiniya, ka ga fasfona?"

Yana bakin ƙofa yana ɗaura takalmin aiki. "Ki duba jaka mana."

"Na duba jaka. Na duba akwati, na ɗaga katifa." Ta tsaya. Ta lura igiya ɗaya yake ta ɗaurawa yana kwancewa. "Ɗago ka kalle ni."

Bai ɗago ba. "Yana wurin Yaya. Shekaranjiya ta ɗauka, kina kicin."

"Ka sani?"

"Jiya ta gaya mini."

"Jiya! Ka dawo ka ci abincina, ka yi hira da ni, ka kwana da wannan maganar a cikinka?"

"Sori, Malama. Wallahi na so in gaya miki—"

"Kada ka ce mini sori!"

Ya miƙe, idanunsa sun kaɗa. "To me kike so in yi? Ni ma mutum ne! Kin san yadda gidan nan yake in ba kya nan? In hawo benen nan a gajiye, in buɗe ƙofa in yi sallama, firij ne kawai ke amsa mini. Kwana goma sha tara ke nan ina dawowa in tarar da fitila a kunne. Da Yaya ta ce ta ɗauke, wallahi wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Ga gaskiyar."

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle.

"Ni kuma dutse ce? Kana tsammani so nake in koma inda ake ce mini mai auren waya? Kowane dare sai na ƙirga kwanakin nan kamar mai jiran hukunci. Amma jami'in nan na filin jirgi ya tambaye ni, na kalli ƙwayar idonsa na ce zan koma. In na zauna, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan sai gabana ya faɗi. Ba aiki, ba fita cikin kwanciyar hankali, Umma ta kwanta ciwo ba ni da halin zuwa. Na aure ka don in zauna da kai, ba don in ɓuya a ɗakinka ba!"

Ya ciro waya ya kira wurin aiki ya ce zai makara.

"Ɗauko mayafinki."

Sun tarar da Yaya a kan keken ɗinki, ta jingina waya da gwangwanin zare tana hira da mahaifiyarsu, Hajiya, ta bidiyo. Da alama an riga an gama shirya maganar, don suna shiga Hajiya ta ɗauka daga cikin wayar.

"Ɗana, ka bar yarinyar nan ta zauna. Yayarka ta yi mini bayani. Ni dai ina so in ga ɗanka kafin in bar duniya."

Injiniya ya gaishe ta, sannan ya durƙusa a gefen keken.

"Yaya, tun da nake ban taɓa yi miki musu ba."

"To kada ka fara yau saboda mace." Ta ci gaba da taka keke.

"Ki ba ta fasfonta."

"Ba zan bayar ba! Jibi jirgi ya tashi, shi ke nan, kowa ya huta. Wata rana za ku gode mini."

"Yaya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ga Hajiya nan a waya. Shekara goma sha ɗaya ke nan a waya kike ganinta. Kwana talatin aka ba ki da kika zo, kika zauna. Da aka yi mata aikin ido ni na tafi, ke kika zauna a kan kujerar nan kina kuka, don kin san in kika fita ba za ki sake shigowa ba, ga yaranki a nan. Ni na gan ki, Yaya. Shi kike so wa matata?"

Keken ya tsaya. Auta ta ji kamar ta nutse, don ba ta taɓa sanin wannan ba.

Daga cikin wayar aka ji Hajiya ta ja dogon numfashi. "Ba ta abinta, 'yar nan," ta ce a hankali. "Ɗaya ta ishe ni."

Yaya ba ta kalli kowa ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin tarin yadi ta zaro fasfon ta ajiye a bakin tebur.

"Ni na ɗauka gata nake yi miki."

Auta ta durƙusa ta ɗauka da hannu biyu. "Na sani, Yaya. Allah ya bar zumunci."

Yaya ta juya ta ci gaba da ɗinki, amma allurar ba zare, ba ta ma lura ba.

Ranar tafiya ba ta zo raka su ba. A filin jirgi Injiniya ya riƙe hannun akwatin ya ƙi saki har sai da aka kira jirgin karo na biyu.

"In abin ya ɗauki wata shekarar fa?" ya tambaya.

"Sai mu jira wata shekarar. Ka dinga cin abinci, don Allah."

Komawar ta fi zuwan ɗaci. Gwaggo har gida ta zo. "Au, an dawo da ke? Ko mijin ne bai yi na'am ba?" Umma ta daina zuwa sabgogin dangi don kada a tambaye ta. Yaya ta daina ɗaga wayar Auta. Ita da Injiniya ma sukan yi faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ta kashe waya, ta yi kuka, ta sake kira. Ta ba yaranta jarrabawa, ta yi makin, aka shiga sabon zango. Wata ɗaya, wata uku, wata shida: ana kan dubawa. Akwai safiyar da ta jefar da wayar a kan gado ta ce wa Umma, "Wataƙila Yaya ce mai gaskiya." Umma, wadda ta fi kowa ƙorafi, ita ce ta ce mata, "Kul! Tashi ki tafi aiki."

A wata na bakwai aka kira ta intabiyu. Jami'ar da ke bayan gilashi ta yi mata tambayoyi kan aurensu, sannan ta shiga buɗe fasfon shafi-shafi. Ta tsaya a kan hatimi biyu, na shiga da na fita.

"Kin je wurinsa kina jiran wannan takardar?"

"Na je."

"Kuma kika fito ranar da aka ce." Ta rufe fasfon ta ajiye a gefenta. "An amince. Ki zo ki karɓa mako mai zuwa."

Auta ba ta san yadda ta fito titi ba. Ta kira shi yana tsakiyar aiki, ta faɗa masa, ta ji ihunsa yana amsa-kuwwa a cikin ramin lif, abokan aikinsa na tambayar ko wani ne ya faɗo.

Da la'asar waya ta sake ƙara. Yaya ce, karo na farko cikin wata bakwai.

"Amarya, na ji labari. Barka." Sannan ta ce, "Lauyar nan taku... ki turo mini lambarta. Ina so in ji ko nawa zai gyaru. Ina so in ga Hajiya."

"Yanzu kuwa, Yaya."

Ba duk mai ba ka gurguwar shawara ne maƙiyinka ba. Sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne, shi ya sa ƙin bin maganarsa yake da nauyi. Auta ba ta zagi kowa ba, ba ta raina kowa ba, amma ta riƙe alkawarin da ta yi da bakinta, ta jure wata bakwai na kewa da surutun mutane. Da ta koma wurin mijinta, ba baƙuwa ta koma ba, kuma babu wanda ya rubuta mata ranar fita.