Layi Ɗaya a Kwamfutar Demsawo

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Sufeto Haladu ofishin wata ƙungiyar agaji a unguwar Demsawo. Ba a fasa ƙofa ba, ko kujera ba a ɗauka ba, amma shugabar ofishin, Madam Keturah, ta sha kuka.

"Sunaye aka sace, Yallabai. Mata ɗari da sittin da suka gudo daga hannun mutanen daji, 'yan ta'addan nan, da gidajen da muka ɓoye su."

Ilimin Haladu na kwamfuta bai wuce kunnawa ba, shi ma sai an nuna masa wurin dannawa. Amma ya yi aiki a Mubi lokacin gudun hijira, ya san makomar macen da aka sake kamawa.

Aka kira Zadok, mai rubuta manhajar ofishin.

"Yi mini bayani kamar kana gaban kakarka," in ji Haladu.

"Oga, kowane aiki muna keɓe masa ɗakinsa cikin kwamfuta. A ɗakin akwai ƙaramin fayil mai nuna rumbun da za a ɗauko kayan haɗi. Netwok ba kyau a nan, shi ya sa na saita rumbun ofis. Wani ya canja layi ɗaya, ya sa adireshin rumbun bogi. Na sabunta kaya ran Litinin, mugun abu ya shigo ya kwashe sunayen. Sai yau na lura."

"Wa ya san fasiwod?"

"Ni kaɗai." Takalminsa yake kallo.

Kwamfutar ta nuna an taɓa layin ranar Lahadi, goma na safe. Haladu ya je cocin su Zadok, mawaƙan cocin suka shaida yana kan fiyano har sha biyu.

"Ko dai kai aljani ne, ko maƙaryaci," in ji Haladu da ya dawo.

Zadok ya sunkuya. Ya amsa cewa kwanakin baya da zai je jana'iza Numan, ya ba Kashim, mai shigar da bayanai, fasiwod ɗin, har ya nuna masa fayil ɗin.

Kashim mutumin Bama ne, mai sanyin magana. Aka kira shi ofis, Haladu ya tambaye shi inda yake ran Lahadi.

"Ran Lahadi ina bakin tafkin Njuwa, sayen kifi."

"Mai gadi ya rubuta ka shigo tara da rabi. Wai ka manta caja."

Hawaye suka zubo wa Kashim.

"Ƙanwata Latifa shekara tara tana hannun mutanen daji. Suka kira ni, suka ce in sa adireshin nan za su sake ta. Ni tsofaffin takardu kawai nake shigarwa, wallahi ban san su waye a sabon jerin ba."

"Latifa wa?" Madam Keturah ta miƙe tsaye.

"Latifa Bukar Modu."

"Yesu! Sati biyu ke nan da ta gudo. Ni na rubuta ta da hannuna. Tana wani gida a unguwar Limawa."

Haladu ya sa a kwashe matan daga gidajen nan take, ya fara tura mota Limawa. Ba a daɗe ba kofur ɗin da ya bi motar ya kira. Haladu ya saurara, ya kashe waya, tausayi ya hana shi kallon Kashim da ya buɗe baki.

"Jiya da la'asar wasu mutum biyu suka zo da keke mai ƙafa uku. Suka ce yayanta ne ya aiko su. Maƙwabta sun ce ta fita da murna."

Kashim bai yi ihu ba. Da kansa ya miƙa hannu aka sa ankwa, 'yan sanda biyu suka kai shi mota.