Katin Da Aka Kashe Daga Nesa

"To shi ɓarawon nan, Alhaji, ɗan'uwanka ne?"

"Subhanallahi! Yallaɓai, wace irin magana ce wagga?"

Sufeto Zakari Yelwa bai ɗago ba. Yana tsugune a gidan kallon ƙwallo na Alhaji Yari da ke Sabon Garin Gusau, yana jujjuya wayar da ta sauko daga dish. An sace dikoda, akwatin da ke kamo wasannin Turai, har da katin da ke buɗe tashoshin, ga gasar kofin duniya ta ƙarato. Amma ba a yanke wayar ba. An kwance ta a hankali, aka naɗe bakinta da farar leda, aka ɗaure da zare.

"Na ga ya tausaya mata ne, kada ruwan damina ya shige ta."

"Ai shi ya sa na ce Bashir ne! Shi ya ɗaura dish ɗin, shi ya san kan wayoyi."

"Yaushe rabonka da nuna wasa?"

"Tun Talata. Janareto ya ba ni matsala."

Alhaji ya zaro rimot daga aljihu yana murzawa. Kowa a unguwar ya san ba ya rabuwa da shi, don kada 'yan kallo su canza masa tasha. Shi ma a naɗe yake da farar leda, ɗaure da zare.

A bakin caji ofis, inda ake tsare da Bashir, Sufeto ya tarar da wata budurwa zaune gindin dalbejiya, ta rungume kwanon abincin da ya daɗe da hucewa. Asabe ce, wadda aka sa ranar aurenta da Bashir. Idanunta sun yi jawur, irin jan da ba ya zuwa sai in zuciya ce ke kuka.

"Yallaɓai, Baba ya rantse, in aka kai shi kotu an fasa auren. Ni kuwa in ba shi ba…"

DPO ya riga ya ba da umarni a miƙa Bashir kotu gobe.

A bayan kanta Bashir ya rakuɓe jikin bango, goshinsa a kumbure, aikin samarin unguwa.

"Da me kake naɗe bakin waya?"

"Baƙin tef, ranka shi daɗe. Leda ai gumi take, sai ta sa tsatsa. Na sha hana Alhaji."

"Katin fa, daga ina?"

"Wani dillali ne a Kano, shi kuma daga kamfanin ƙasar waje. Guda biyu ya kawo, ɗaya na Alhaji, ɗaya na Faruk na Tsafe."

Sufeto ya hau babur ya nufi Tsafe. Gidan kallon Faruk a rufe yake, an jera bencina a kife.

"Me ya hana ka buɗewa?"

"Janareto ne, yallaɓai."

"Wancan da nake jin ƙararsa, mai aski yana aiki da shi?"

Faruk ya sosa ƙeya, ya buɗe ƙofa, ya kunna talabijin. Allon baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutun Turanci fari a tsakiya.

"Tun Talata haka yake. Sun kashe katin daga can. Ashe na kallon gida ne, ba na tara jama'a ba, dillalin bai gaya muna ba. Na je Kano, shagonshi da kwaɗo. Dish nawa, talabijin tawa, bencina nawa, amma abin da ake kallo na wani ne wanda ban taɓa ganin fuskatai ba. Wa zan kai ƙara?"

Talata. Janareto. Farar leda. Sufeto ya fara zargin Alhaji. Sai dai zato ba ya buɗe ƙofar kanta, dole a ga dikodar.

Da la'asar ya biya ta Sabon Gari, ya sami Alhaji Yari zaune ana ta yi masa jaje.

"Alhaji, abin haushi. Yanzu na baro Tsafe, kamfani ya sake buɗe katunan. Gidan Faruk ba masaka tsinke."

"An… an buɗe?"

"Tas! Da taka na nan, da yau ka kwashe Gusau."

Sufeto ya yi sallama, ya laɓe a kwanar tasha. Ba a jima ba sai ga Alhaji a kan besfa, babbar riga na kaɗawa, ya miƙi hanyar Bungudu. Sufeto da Kofur Adamu suka bi shi a nesa.

A gonarsa Alhaji ya tsaya. Ya hau tsani, ya ɗage murfin rumbu, ya zura rabin jikinsa. Da ya fito, ga dikoda rungume a ƙirjinsa, naɗe da farar leda, ƙaiƙayin gero duk a gemunsa.

"Sannu da aiki, Alhaji."

Alhaji ya daskare a kan tsani. Gaba rumbu, baya 'yan sanda.

"Ba a buɗe ba ke nan," ya faɗa da ƙyar.

"Ba a buɗe ba."

Ya sauko ya zube a kan kunyar gona, hawaye na bin kumatunsa.

"Har Magami da 'Yankuzo na aika, na ce lasisina daga Turai yake, ba mai iya taɓa shi. Direbobin tasha sun kama benci. In ce musu wani ya danna abu a wata ƙasa ya kashe ni? Wanda aka yi wa sata jaje ake mai, wanda aka yi wa wayo dariya ake mai. Ni na ɓalle kwaɗon da hannuna."

"Bashir fa?"

"Ban ce a doke shi ba, wallahi. Suna kawai aka tambaye ni, sai nashi ya fito."

Fuskar Asabe ta faɗo wa Sufeto, da kwanon nan da ya huce a cinyarta. Ya miƙa wa Kofur ankwa.

"Yallaɓai, don Allah mu bi ta baya zuwa ofis," in ji Alhaji.

"A'a. Kofur, riƙe dikodar nan sama yadda kowa zai gani. Ta Sabon Gari za mu bi, a kira baban Asabe, kuma a gaban waɗanda suka fasa wa Bashir goshi Alhaji zai wanke shi da bakinsa."