Wanda Ya Wanke Tiyo

Kafin motar 'yan sanda ta iso ginin, ma'aikata sun riga sun yanke nasu hukuncin. Insfekta ya tarar da wani mutum kwance a kan tsakuwa, jini na fita ta hanci da kunne, ƙartai sun kewaye shi da guntayen rodi. A kansa wata tsohuwa ce tsaye, ta ci ɗamara da mayafinta, rabin bulo a hannu.

Sajan ya harba bindiga sama. Taron ya dare, amma tsohuwa ko gezau. Sai da ta saki bulon a haƙarƙarin mutumin sannan ta juyo.

"Kai ne babbansu? To ka makara. Wannan la'anannen ya kashe min ɗa."

"Inna, ki bari mu yi aikinmu."

"Wane aikin? Na zuwa bayan an gama? Ba ni bindigar nan in nuna maka aiki."

Mutumin da ke kwance Mai Fayif ake ce masa, shi ke ɗaura bututun ruwa a ginin. Aka jefa shi bayan mota da ankwa a hannu aka yi asibiti. Ma'aikata suna ihu suna rantsuwa ko a gadon asibitin ne sai sun ƙarasa shi. Insfekta ya san ba wasa suke ba. In bai samo wani ba, to Mai Fayif ya tashi daga aiki: ko kotu ta rataye shi, ko su su riga ta.

Injiniyan ginin ne ya hau da shi sama. Gini ne dogo, ƙashinsa duk ƙarfe, ba a gama bango ba. A hawan da abin ya faru an zagaye wajen da tampol, kowane ginshiƙi an lulluɓe shi da wani abu toka-toka mai kaushi.

A gindin wani ginshiƙi wani tuli ne mai siffar mutum a zaune. An feshe shi tun daga kai har idon sawu, ya bushe ƙam. Takalmansa kaɗai ake gani.

"Guduma ke nan, shugaban masu feshi," in ji Injiniya, yana toshe baki da hankici.

"Mene ne wannan abin da aka zuba masa?"

"Kwaɓin kare ƙarfe daga wuta ne."

"Ƙarfe yana cin wuta ne?"

"Ba ya ci, ranka ya daɗe, laushi yake yi. In gobara ta yi zafi sai ginshiƙi ya lanƙwashe kamar kyandir, bene ya zauna a kan mutane. Wannan rigar ce ke tare zafin har jama'a su fice."

Insfekta ya tsuguna. Ya soka biro a kafaɗar gawar, ya zare, ya soka a gwiwa, ya soka a ƙirji. Ko'ina kaurin ɗaya ne. Ya tashi ya soka a jikin ginshiƙi, nan ma haka.

Da aka fasa ɓawon, ƙeyar Guduma a dagargaje take. Kusa da tampol Sajan ya tsinci wani ƙarfe mai faɗin baki, an naɗe mariƙinsa da jan salatif.

"Na waye?"

"Na Mai Fayif ne," in ji Injiniya.

"Akwai rigima tsakaninsu?"

"Haba, mu nan duk 'yan uwa ne."

"Na ga 'yan uwantakar a ƙasa. Malam Injiniya, ko ka faɗa min a nan, ko ka faɗa min a bayan kanta."

Injiniya ya share gumi. "Rigimar kullum ce. Masu feshi su gama rufe ƙarfe, masu fayif su zo su kankare don su ɗaura maƙalar bututunsu. In mai duba aiki ya ga ƙarfe tsirara sai ya soke hawan gaba ɗaya, a ce a sake. Jiya da safe haka aka yi. Guduma ya shaƙe Mai Fayif har idonsa ya fito. Shi kuma da aka raba ya ce sai ya ga bayansa."

A ƙasa tsohuwa ta zauna a kan buhun siminti, wani saurayi siriri a tsugune kusa da ita. Idonsa na hagu fari fat, da tabo ya ratsa gira.

"Wannan fa?"

"Autana ne, ƙanen mamacin. Shi kaɗai ya rage min."

"Kai ma feshi kake?"

"E, ranka ya daɗe. Ƙarƙashin Yaya."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya da rana. Idona ya matsa min, na bar aiki na fita. Yaya ya sallami sauran, ya ce shi zai tsaya ya toshe inda aka kankare."

"Ba ka koma ba?"

"Ban koma ba."

"Me ya sami idon?"

"Tsautsayin aiki ne, ya wuce," tsohuwa ta tare. "Kai ana maganar gawa kana maganar ido! Je ka rataye wancan ka dawo mu yi hirar ido."

A asibiti Mai Fayif yana kwance, an ɗaure masa ƙirji, hannu ɗaya a maƙale da ƙarfen gado. Leɓɓansa sun kumbura, da ƙyar magana ke fita.

"Ka hau sama jiya da yamma?"

"Wallahi ban hau ba."

Insfekta ya ajiye ƙarfen mai jan salatif a kan cikinsa. "To wannan da ƙafarsa ya hau?"

Mai Fayif ya rufe ido, hawaye ya gangaro. "Na hau. Na ɗauka kowa ya tashi. Na ce bari in kankare wurin maƙalata ba wanda ya gani."

"Bayan shaƙar da ka sha? Kai ba ka jin magani?"

"To a ina zan ɗaura fayif, a iska? Ina isa tampol na ji injin feshi yana ruri. Na ce Guduma ne, yau kashina ya bushe. Ƙarfen ya suɓuce min, na sauko hawa ɗaya na laɓe."

"Ka ga mutum?"

"Ban ga kowa ba. Inji ya yi shiru. Sai na ji ruwa yana zuba, ya daɗe yana zuba, har ya ɗigo min a ka. Daga nan na gudu."

"Ka iya feshi?"

"Ni? Ko kunna shi ban iya ba. Ranka ya daɗe, 'ya'yana ƙanana ne. Baƙar magana na faɗa, amma ban taɓa shi ba."

Insfekta ya koma ginin kai tsaye. Injin feshin yana nan, wani ƙaton baho da famfo, da dogon tiyo an naɗe shi tsaf an rataye a ƙugiya. Ya leƙa bahon. Fes, kamar an lashe.

"Kunna shi," ya ce wa Injiniya.

Inji ya tashi nan take. Ruwa zalla ya fito ta bakin tiyo, fari tas.

"In an yi feshi aka bar kwaɓi a ciki fa?"

"Ya daskare ya zama dutse, tiyo ya mutu ke nan. Ai shi ya sa mai feshi gara ya kwana da yunwa da ya kwana bai wanke tiyo ba. Guduma kuwa a kan wannan ba ya da uwa ba ya da uba."

"Wa ke wankewa kullum?"

"Wannan sai su. Ni ba na tsayawa har su tashi."

Insfekta ya ɗaga bakin tiyon. Ƙarfe ne mai nauyi, gefensa ɗaya ya lotsa sabon lotsawa.

"Sajan, mutum ya fasa kan wani, ya rufe shi da feshi kauri ɗaya, sannan ya tsaya ya wanke kayan aiki ya rataye. Mai fayif ne wannan?"

"Mai fayif ko hannunsa ba ya wankewa, yallaɓai."

Gidan tsohuwa ɗaki biyu ne da 'yar farfajiya. Tana zaune a kan tabarma, idanunta jajur amma a bushe. Auta yana rakuɓe a bakin ƙofa. A igiyar shanya akwai wandon aiki, ƙafafunsa sun yi tauri da toka-toka.

"An rataye shi?" ta tambaya tun kafin ya zauna.

"Tukuna, Inna. Tambaya ce ta kawo ni. Yaya zaman 'ya'yanki yake?"

"Zama na yaya da ƙane. Babba yana da zafin hannu, ban ɓoye ba. Uban ma haka yake. Amma shi ya riƙe gidan nan, shi ya koya wa wannan sana'a."

"An ce min Auta malalaci ne, yana gudun aiki."

Tsohuwa ta zabura. "Uban wa ya ce? Kawo min shi in yaga masa baki! Yaron da kowa zai tashi ya bar shi yana wankin tiyo? Kullum shi ne na ƙarshe. Jiya ma da yamma lis ya shigo min, wando sharkaf, ruwa na ɗiga. Na ce kai da tiyon nan sai ka ce matarka. Ga wandon can, ka je ka taɓa, har yanzu bai..."

A hankali ta juya ta dubi Auta.

"Ka ce min da rana ka bar aiki," in ji Insfekta.

Auta ya yi wuf zai fita. Sajan ya sa masa ƙafa, ya kifa, haɓarsa ta daki dandamali, jini ya ɓalle. Aka murɗe hannunsa baya.

"Ƙarya ne!" tsohuwa ta kwatsa ihu. "Auta, ce musu ƙarya ne!"

Auta ya tofar da jini. Ya daina kokawa.

"Ni ne, Inna."

Ta rarumo murfin tukunya ta kwaɗa masa a fuska kafin Sajan ya tare. "Ɗan'uwanka? Nonon da kuka sha ɗaya?"

"Ɗan'uwana. Ranar da tiyo ya toshe ya ce in leƙa bakin. Ina leƙawa ya kunna inji. Dariya yake, Inna, idona yana zuba a kumatuna yana dariya. Na zo miki da jini har ƙirji. Me kika ce min?"

Auta ya ci gaba.

"Kika ce in yi shiru, yayana ne, kada a ji kanmu a waje. Na yi shiru. Jiya da aka soke hawan, a kaina ya huce. Da kowa ya watse tiyo ya sake toshewa. Ya miƙo min ya ce, 'Leƙa da mai kyan.' Ya juya zai je wajen makunni."

"Sai ka buga masa bakin tiyon," in ji Insfekta.

"Na buga. Na sake bugawa. Ban san sau nawa ba. Na jingina shi da ginshiƙi, idanunsa a buɗe, duka biyun, suna kallona. Na rasa yadda zan yi da su, sai na buɗe tiyon na kunna inji."

"Ka samu hanyar gudu. Me ya tsayar da kai wanki?"

Auta ya yi wata dariya mara daɗi. "Ban san na wanke ba. Hannuna ne ya yi. In na bari ya bushe, duka ne. Sai da na naɗe na rataye sannan na tuna babu mai dukan."

"Da ake farfasa Mai Fayif da safe kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Ba ka ce komai ba."

"An koya min shiru, ranka ya daɗe."

Aka tasa shi gaba. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Tsohuwa ta biyo su ba takalmi, ta riƙe ƙofar mota da hannu biyu.

"Kai ɗan nan, ka dube ni. Ɗaya yana ɗakin gawa. In ka tafi da wannan wa ka bar min? Ka bar wancan na asibitin a kai mana, ai ya ce sai ya ga bayansa, kowa ya ji!"

"Shi ma uwa ce ta haife shi, Inna. Kuma kin karya masa haƙarƙari."

Ya ɓamɓare yatsunta daga ƙofar ɗaya bayan ɗaya. Ta zube a ƙasa tana dukan ƙirji, tana zagin Insfekta, tana zagin gini da wanda ya ƙirƙiro shi, tana kiran 'ya'yanta duka biyu.

Mota ta tashi.

"Caji ofis, yallaɓai?"

"Asibiti tukuna," in ji Insfekta. "Miƙo min makullin ankwar Mai Fayif."