Yatsan Da Ke Zane Daga Ɗan Isa

Rabi'a ta saki wayar a kan tabarma kamar ta taɓa garwashi.

Wani jan layi ne ke tafiya a hankali a jikin zanenta, ƙasansa kuma sunan Lawwali.

Lawwalin da aka ce ya rasu wata guda da ɗoriya...

Ita ta gina shafin nan bayan ta gama karatun kwamfuta a Katsina, ta raɗa masa Zauren Zane. Babu hoton mai rai a ciki, kada malamai su sa baki, sai zanen lalle da na hula da na ƙwarya. Wani ya fara, wani ya ƙarasa da yatsa daga inda yake, daga nan sai gaisuwa, sai zumunci. Nata kuwa mutum ɗaya ke ƙarasawa, Lawwali mai zanen manyan motoci, ɗan garin Ɗan Isa, can tsallaken boda. Tun yana "sannu da aiki, malama" har ya kai ga "hasken idona". Babanta ya rantse ba zai ba mai fenti 'yarsa ba. Ana cikin lallashi aka rufe boda, sai ga labarin haɗarin mota.

Salmatu, 'yar kawunta, ta leƙa wayar ta taɓe baki. Dama ta daɗe tana yi wa yayanta Kalilu zawarcin Rabi'a.

"Matacce na zane? Aure ya yi a Maraɗi, ya aiko miki da mutuwar ƙarya. Ki rufe shahin nan ki huta, ga Yaya Kalilu shina jira."

"In dai Lawwali na numfashi, Salmatu, ya auri huɗu."

Da gaske take. Ran nan babu abin da take roƙon Allah irin a ce cin amana ne.

Da hantsi ta hau babur daga Magama da ke bakin boda zuwa Ɗan Isa, aka bi da ita ta gonaki, tunda hanyar boda an sa mata shinge. Duk tafiyar tana shirya faɗan da za ta yi masa, har da inda za ta yafe.

A gidan su Lawwali ta tarar da wata tsohuwa ita kaɗai a inuwar dalbejiya, da waya mai tsagaggen gilashi a cinyarta.

"Inna, Lawwali nike nema."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta.

"Ke ce Rabi'a. Ni ce Delu, uwa tai. Zamna, ɗiyata."

"Inna, shina ina? Ko aure ya yi ku hwaɗa mini, wallahi na yahe."

"Shina maƙabarta, ɗiyata. Salula tai kaɗai aka kawo mini."

"To wa ke zane da sunanshi?"

"Wane zane?"

Rabi'a ta durƙusa ta nuna mata jajayen layukan. Inna Delu ta dubi wayar, ta dubi yatsanta.

"Ni ban san boko ba... Kullum nan nike ganin hannu nai shina shafawa, shina murmushi. In kewa ta ishe ni sai in buɗe in shafa wurin da ya shafa. Ashe ɓarna nike miki?"

"Ba ɓarna ba ce, Inna."

Faɗan da ta shiryo tun daga Magama, babu wanda za ta yi wa shi.

"Da ma ya ci amanata, Inna... da ma auren ya yi."

Ta toshe baki da mayafi, yadda ta saba a gidansu don kada Baba ya ji.

Tsohuwar ta janye mayafin, ta kwantar da kan Rabi'a a cinyarta.

"Shari'a ba ta ba ki takaba ba, amma nan ɗakin mijinki ne da Allah ya nuhwa. Buɗe baki ki yi kukanki, babu mai hana ki."