Ma'ajin Asusun Ma'aikata

Magariba ta kawo jiki, warin ruwan jima daga kamfanonin fata na Challawa ya sauko kan unguwa kamar yadda ya saba in iska ta kwanta. Asabe na tsugune tana kwashe tuwo, mijinta Shu'aibu yana alwala a bakin rariya, sai ga dutse tim a tsakar gida. Ta ɗaga murya ta yi wa yaran maƙwabta faɗa. Ba wanda ya amsa, ba kuma ƙarar gudu a bayan katanga.

Na biyu ta taga ya shiga. Ya sami asusun ƙasa da 'yarsu Mubina ke tara kuɗin kitso a ciki, ya tarwatsa shi. Yarinyar ta tsaya a kan ɓaraguzan, ta daɗe ba ta motsa ba. Da ta buɗe baki, muryar namiji ce ta fito, mai kauri, da karin harshen mutanen Damagaram.

"An fasa wannan. Saura babban."

Buta ta suɓuce daga hannun Shu'aibu.

Shi ne ma'ajin asusun ma'aikata a kamfanin fatar da yake aiki. Duk ƙarshen wata kowane lebura yana zuba abin da ya sawwaƙa, saboda ranar ciwo ko ranar da za a kai gawa gida. Shu'aibu kuwa ya daɗe yana jan abin da ke ciki, da shi ya sayi filin nan ya ɗora ɗakuna har da tayil. Bara wani lebura, Ado, mutumin Nijar, ya zame ya faɗa ramin sinadari, fatarsa ta saluɓe daga ƙugu zuwa ƙafa. Abokan aiki suka zo neman kuɗin asibiti. Shu'aibu ya ce asusun yana banki, sai an sa hannu, su dawo gobe. Goben ba ta ƙare ba har Ado ya mutu a ɗakin hayarsa a Sharaɗa, ƙudaje na binsa.

Tun daga wannan magaribar gidan bai sake zama daidai ba. Da rana Mubina lafiya lau. Rana na faɗuwa sai jifa, sai ta hau soshe ƙafafunta har jini, tana nishi irin na wanda ya ƙone. Masu kawo kitso suka ɗauke ƙafa. Asabe ta sayar da 'yan kunnenta, ta je Na'ibawa ta ɗauko Malam Muhyiddeen, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Malam ya zauna a tabarma bayan sallar magariba, ya sa aka riƙe yarinyar, ya fara karatu a hankali. Hayaƙin turare ya tsaya cak bai tashi sama ba. Can Mubina ta sandare, idanunta suka juye.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Tare muka taso da Ado. Tun yana kiwo nake bin sa. Ina zaune a kansa lokacin da yake ruɓewa yana kiran uwarsa."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. A jikinta na yi ajiya, kamar yadda Ado ya yi ajiya wurin ubanta. Ka tambaye shi ina asusun."

Malam ya juya. Shu'aibu ya sunkuyar da kai, Asabe ta zuba masa ido.

"Shu'aibu, dukiyar jama'a amana ce, ko a baitulmali take ko a gwangwani," in ji Malam. Sannan ya koma ga muryar. "Faɗi abin da zai fitar da kai. Zalunci kake yi, kai ma za ka tsaya gaban Allah."

"Ya sayar da gidan nan ya mayar wa ma'aikata kuɗinsu. Ya ce ya yarda, yanzu in fita. In ya ƙi, ina nan har ƙafafunta su zama irin na Ado."

Asabe ta rarrafa ta kama ƙafar mijinta.

"Baban Mubina, ku ce kun yarda. Don Allah ku ce."

Shu'aibu ya dubi ɗakunan, ya dubi 'yarsa, ya share gumi.

"Allah gafarta Malam, ba wata hanya? Ko rago ne a yanka masa. Yarinya ce, tana da ƙarfi, za ta iya jurewa zuwa baɗi in na..."

Muryar ta fashe da dariya har jikin Mubina na girgiza.

"Ya isa. Na bar kunnenta a buɗe, duk ta ji. Riƙe gidanka, ma'aji. Na tafi."

Mubina ta yi atishawa ta sulale ƙasa. Malam ya tofa mata addu'a, ya naɗe carbinsa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya fita bai yi wa maigidan sallama ba.

Da ta farfaɗo, Shu'aibu ya matso da kofin ruwa. "Mubina, sannu. Sha."

Ta dube shi da idonta na gaskiya, tsaf, babu hawaye. Sannan ta juya ga uwarta, ta yi magana da 'yar siririyar muryarta.

"Umma, ki ce wa mutumin nan ya matsa daga kaina."